Gudun fanfalaki na farko: yadda ake shirya jiki da zuciya domin kilomita 42

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, Turawa kuma suke ce masa maraton, tsere ne a kan titi mai nisan kilomita 42 da mita 195. Idan aka kwatanta da da'irar gudu ta filin wasa mai mita 400, daidai yake da zagaya ta sau 105 da rabi. Ƙwararru na gamawa cikin awa biyu da ƴan mintoci, yayin da yawancin masu shiga karon farko ke ɗaukar awa huɗu zuwa shida.

Duk mai ƙoshin lafiya da ya riga ya saba da gajeren gudu, ya kuma ware wata huɗu zuwa biyar yana horo a kan tsari, zai iya kaiwa ƙarshe. Abin da ya fi kayar da sababbin shiga shi ne gaggawa, kuma sau biyu take kama su: lokacin horo, inda suke ƙara nisa kafin jiki ya shirya, da ranar tsere, inda suke tashi da ƙarfin da ba za su iya riƙewa ba. A ƙasashe masu zafi irin namu, sakamakon wannan kuskure bai tsaya ga kasa ƙarasawa ba, yana iya kai mutum gadon asibiti.

Asalin tseren

Sunan ya fito ne daga garin Maraton na ƙasar Girka, inda mayaƙan Atina suka yi galaba a kan rundunar Farisa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Almara ta ce wani ɗan aike ya ruga daga fagen fama har Atina, ya sanar da nasarar, ya faɗi ya mutu. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a 1896, sai aka shirya tseren kimanin kilomita 40 domin tunawa da wannan labari. Wani ɗan garuwa mai suna Spyridon Louis ne ya lashe shi.

Nisan da aka sani yau ya samo asali ne daga Olamfik na Landan a 1908, inda aka taso daga fadar Windsor zuwa filin wasa. A 1921 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta tsayar da wannan nisa a matsayin ƙa'ida. Mata ba su samu nasu tseren a Olamfik ba sai a 1984.

A 1960, Abebe Bikila, sojan fadar Sarki Haile Selassie na Habasha, ya lashe zinariya a birnin Roma ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. Ya sake lashewa a Tokiyo a 1964, ƴan makonni bayan an yi masa tiyata. A shekarun baya-bayan nan ƴan Kenya da Habasha ne suka mamaye fagen. Eliud Kipchoge ya yi awa 2 da minti 1 da sakan 9 a Barlin a 2022, sannan Kelvin Kiptum ya yi awa 2 da sakan 35 a Shikago a 2023, kafin ya rasu a hatsarin mota a Fabrairun 2024.

A yankinmu, tseren birnin Legas da ake yi tun 2016, galibi a watan Fabrairu, na cikin mafi girma. A Kamaru akwai tseren hawan dutse na Buea da aka fara a 1973, wanda Sarah Etonge ta lashe sau bakwai. Nisansa bai kai kilomita 42 ba, amma ana hawa har ƙololuwar dutse mai tsawon sama da mita 4,000, don haka bai dace a fara da shi ba.

Abin da ke faruwa a jiki

Abu biyu ne jiki ke ƙonawa domin samun ƙarfi: sukarin da ya adana a tsoka da hanta, wanda masana ke kira gilaikojin, da kuma kitse. Sukarin yana saurin ba da ƙarfi amma ajiyarsa kaɗan ce, kusan kalori 2,000 ga babban mutum. Kitse yana da yawa ko a jikin siririn mutum, sai dai a hankali yake ƙonewa.

Gudu na cin kusan kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita. Mai nauyin kilo 65 zai buƙaci kimanin kalori 2,700 kafin ya gama tseren, wato fiye da ajiyar sukarinsa. Idan ya tashi da sauri, jiki zai fi dogaro da sukari, ajiyar ta ƙare tsakanin kilomita ta 30 da ta 35. Masu gudu na kiran wannan hali "bango": ƙafafu su yi nauyi, tunani ya dagule, mutum ya ji kamar an zare masa laka. Doguwar tafiya a hankali lokacin horo ita ce ke koya wa jiki ya ƙara amfani da kitse, ya tsimi sukarinsa.

Akwai wani abin lura kuma. Zuciya da huhu suna saba wa gudu cikin ƴan makonni, amma ƙashi da jijiyoyi da gaɓoɓi sai sun ɗauki watanni. A kowane taku, ƙafa na ɗaukar nauyin da ya ninka na jiki sau biyu zuwa uku. Shi ya sa a wata na biyu sabon mai gudu yake jin numfashinsa ya daidaita, ya ɗauka ya shirya, ya ƙara nisa, sai ƙwauri ko gwiwa ko agara su fara ciwo.

Kafin a fara

Tsarin horon fanfalaki ba na wanda bai taɓa gudu ba ne. Ana so mutum ya kasance ya yi aƙalla wata uku zuwa shida yana fita sau uku a mako, har yana iya yin kilomita 10 ba tare da ya galabaita ba. Wanda bai kai nan ba, sai ya fara da haɗa tafiya da sassarfa: minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, na tsawon rabin awa, yana ƙara lokacin gudun mako bayan mako.

Ganin likita kafin farawa ya zama dole ga wanda ya haura shekara 40, da mai hawan jini, ciwon sukari ko asma, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko suma yayin aikin ƙarfi, da kuma wanda aka taɓa samun mutuwar fuju'a ta matashi a danginsu. Ya kamata kowa ya san rukunin jininsa game da sikila, domin masu AS suna da yawa a yammaci da tsakiyar Afirka. Yawancinsu na wasanni lafiya ƙalau, amma aikin ƙarfi mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa ya fi zama haɗari a gare su, don haka suna buƙatar ƙarin kula. Mai SS kuwa kada ya shiga irin wannan horo sai da izinin likitansa.

Game da kaya, takalmin gudu shi ne kawai abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi. A zaɓi wanda ya bar sarari kamar faɗin babban yatsa a gaba, saboda ƙafa na kumbura a doguwar tafiya. Takalmi na gajiya bayan kilomita 600 zuwa 800. Mai sayen na gwanjo ya duba ƙasansa da kyau: idan ya cinye ta gefe guda ko sosonsa ya kwanta, aikinsa ya ƙare ko da samansa na sheƙi.

Tsarin mako 18

Yawancin tsare-tsaren horo na ɗaukar mako 16 zuwa 20, ana fita sau uku ko huɗu a mako. Ga yadda mako guda yake kasancewa:

- Kwana biyu na gudu mai sauƙi, kilomita 6 zuwa 10.
- Kwana ɗaya na gudu mai ɗan ƙarfi, misali minti 20 a tsakiyar fita da saurin da magana ke fara wuya, ko hawan tudu sau shida zuwa takwas.
- Kwana ɗaya na dogon gudu, wanda shi ne ginshiƙin shirin gaba ɗaya.
- Aƙalla kwana biyu na hutu, tare da ɗan motsa jiki na ƙarfafa cinya, ƙugu da ciki.

Ma'aunin gudu mai sauƙi shi ne mutum ya iya hira da abokin tafiyarsa jimla bayan jimla ba tare da haki ba. Kusan kashi 80 cikin 100 na horo ya kamata ya kasance a wannan mataki. Ƙwararru ma haka suke yi. Sabon shiga yakan ji kunyar a gan shi yana ɗan sassarfa a bakin titi, sai ya ƙara wuta saboda idon mutane, ya mayar da kowace fita gasa.

Dogon gudu na ƙaruwa ne kaɗan-kaɗan, ana kuma rage shi lokaci-lokaci domin jiki ya huta. Misali, a kilomita:

- Mako na 1 zuwa na 4: 12, 14, 16, 12.
- Mako na 5 zuwa na 8: 18, 20, 22, 16.
- Mako na 9 zuwa na 12: 24, 26, 18, 28.
- Mako na 13 zuwa na 15: 30, 22, 32.
- Mako na 16 da na 17: 20, 13.
- Mako na 18: ranar tsere.

Ba a yin cikakkun kilomita 42 a lokacin horo, domin ɓarnar da hakan ke yi wa jiki ta fi amfaninsa. Wanda gudunsa ke da nawa ya tsaida dogon gudunsa a awa uku zuwa uku da rabi, ko da bai kai kilomita 32 ba. Masu horarwa na ba da shawarar kada jimillar nisan mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin 100 a kan ta makon da ya gabata.

Makonni ukun ƙarshe na rage aiki ne. A nan mutane da yawa ke shiga fargaba, suna ganin kamar ƙarfinsu zai zube, sai su je su yi wani dogon gudu na ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya: duk abin da horo zai bayar ya riga ya bayar, saura jiki ya warke. Haka nan idan zazzaɓi ko wata lalura ta sa mutum ya rasa mako guda, ba a rama shi. A koma inda aka tsaya, a ci gaba. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kama ya jira sai ya gama shan magani, ƙarfinsa ya dawo, domin cutar na rage jini.

Zafi, ƙura da azumi

Gudun fanfalaki ya fi daɗi a yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 10 zuwa 15. A Garwa, Marwa, Njamena, Yamai ko Tamale, zafin rana a watannin Maris zuwa Mayu na kaiwa digiri 40 har ya wuce. Ko manyan ƴan wasa ba su tsira daga zafi ba. A gasar duniya da aka yi a Doha a 2019, da tsakar dare aka fara tseren mata, amma duk da haka 28 daga cikin 68 da suka tashi ba su ƙarasa ba. Saboda zafi ne kuma aka ɗauke tseren Olamfik na Tokiyo aka kai shi birnin Sapporo da ke arewa.

Lokacin da ya fi dacewa da horo a yankinmu shi ne bayan sallar asuba, a dawo kafin rana ta ɗaga. Jiki na sabawa da aiki cikin zafi a kwana 10 zuwa 14, amma sabo ba ya kawar da haɗari. Akwai kuma bambanci tsakanin zafin Sahel da na bakin teku. A busasshiyar iska gumi na bushewa nan take, ya sanyaya fata. A Legas, Akra, Kwatano ko Duwala iskar cike take da laima, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa. Wanda ya yi horonsa cikin sanyin hunturu a arewa ya sauka bakin teku domin tsere, dole ya rage saurin da ya saba.

Mai gudu cikin zafi na iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a awa. Hanya mafi sauƙi ta sanin nasa ita ce ya hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Ga yawancin mutane, rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a awa ya wadatar, wato ledar ruwa ɗaya ko ɗaya da rabi, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Shan ruwa fiye da kima ma na da nasa haɗari: yana narkar da gishirin jini, ya jawo ciwon kai, amai da ruɗewa, har ya kai ga mutuwa. Idan gudu ya wuce awa biyu, a haɗa da abin da ke da gishiri, kamar ruwan gishiri da sukari da ake sayarwa a kantin magani.

Alamomin da ke nuna zafi ya fi ƙarfin jiki su ne jiri, tsigar jiki na tashi ana tsakar zafi, tangaɗi, da magana ba kan gado. Wanda aka gani a wannan hali a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwan sanyi a jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Hunturu na kawo sanyin safiya mai kyau ga gudu, amma yana zuwa da ƙura. Ranar da hazo ya yi kauri, gara a rage ko a ɗage, musamman mai asma. Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ke da asma, ya ƙi shiga fanfalakin Olamfik na Beijing a 2008 saboda gurɓatar iska, a watan Satumba na wannan shekara kuma ya kafa tarihi a Barlin da awa 2 da minti 3 da sakan 59.

Watan azumi na matsowa baya da kusan kwana 11 kowace shekara, don haka a duba kalanda tun kafin a zaɓi tsere, kada makonni mafi nauyi su faɗa cikinsa. Idan azumi ya riski mutum cikin horo, ya rage nisa, ya mayar da fitarsa bayan buɗa-baki da awa biyu ko bayan asham. Dogon gudu da rana da azumi a baki a zafin Sahel kasada ce da rai.

Mai gudu da duhun asuba ko da dare ya sa riga mai haske, ya bi gefen da yake fuskantar motoci da babura, ya kuma bar kunnensa a buɗe.

Abinci

Babu buƙatar abincin kanti mai tsada. Tuwo, shinkafa, dankali, doya, fura da kunu duk suna cika ajiyar sukarin jiki. Wake, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa da nono na gyara tsokar da ta wahala. Mata su kula da ƙarancin jini. Idan haila ta ɗauke lokacin horo, alama ce abincin bai isa ba, a ga likita.

A gudun da ya wuce awa ɗaya da rabi, jiki na buƙatar giram 30 zuwa 60 na abinci mai sukari a kowace awa. Ƙananan dabino shida zuwa goma, ko ayaba ɗaya zuwa biyu, sun kai haka. A gwada su tun a dogon gudun horo domin ciki ya saba.

A guji shan magungunan kashe ciwo irin su ibuprofen da diclofenac kafin dogon gudu, saboda haɗuwarsu da ƙishirwa na cutar da ƙoda. Tramol ya fi muni: yana ɓoye ciwon da ya kamata ya tsayar da mutum, yana sa jiri, ana kuma kamuwa da jarabarsa. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

Tunanin masu dogon gudu

Masana sun daɗe suna muhawara a kan abin da ke tsayar da mai gudu. Tim Noakes na Afirka ta Kudu yana ganin ƙwaƙwalwa ce ke rage wa tsoka ƙarfi tun kafin jiki ya kai maƙura, domin kare shi. Samuele Marcora kuma yana ganin mutum na tsayawa ne lokacin da wahalar da yake ji ta zarce wadda ya yarda ya ɗauka. A wani bincike da ya wallafa da abokan aikinsa a 2009, mutanen da aka gajiyar da ƙwaƙwalwarsu sun sare da wuri a kan keke, alhali bugun zuciyarsu bai bambanta ba. Duka ra'ayoyin biyu na nuna cewa gajiya na da rabo a cikin kai, kuma ana iya horar da wannan ɓangare.

Halin farko shi ne haƙuri da maimaici. Kipchoge ya shafe shekaru a sansanin Kaptagat ƙarƙashin mai horarwa Patrick Sang, yana tashi da asuba, yana aikin tsabtar sansani tare da sauran ƴan wasa, yana rubuta kowane horo a littafi. Sabon mai gudu ma zai amfana da irin wannan littafi: kwanan wata, nisa, lokaci, da yadda jiki ya ji. Ranar da shakka ta zo, ya buɗe ya ga abin da ya riga ya yi.

Na biyu shi ne sauraron jiki. A 1977 William Morgan da Michael Pollock sun yi nazarin manyan masu gudu na Amurka, suka gano cewa ƙwararru na sa ido a kan numfashinsu da takunsu da tsokarsu a duk tsawon tsere, yayin da sauran mutane ke ƙoƙarin kau da hankali daga wahalar. Kau da hankali na taimakawa a gudu mai sauƙi, amma wanda ba ya bibiyar jikinsa ba zai lura ya wuce gona da iri ba sai ya makara.

Na uku shi ne rarraba tafiya. Wanda yake kilomita ta 25 yana tunanin 17 da suka rage zai karaya. Masu gudu na yanka hanya gunduwa-gunduwa: zuwa wurin shan ruwa na gaba, zuwa waccan gada, ko ƙirga taku ɗari a sake. Da yawa suna riƙe wata gajeriyar kalma ko zikiri da ke tafiya da numfashinsu.

Na huɗu, a shiga tsere da buri hawa uku: na farko a gama lafiya, na biyu a gama ba tare da an tsaya ba sai wurin ruwa, na uku wani lokaci da ake fata. Idan rana ta yi zafi burin sama ya kuɓuce, akwai sauran abin riƙewa.

Na biyar, gudu cikin jama'a. A Iten da Kaptagat na Kenya da Bekoji ta Habasha, ƙungiya-ƙungiya ake horo. Wanda ya san abokansa na jiransa a bakin masallaci ko ƙofar filin wasa ba zai koma barci ba. Ga mata musamman, fita tare na ba da tsaro da ƙwarin gwiwa. Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha mai wakiltar Holan, ta lashe zinariyar fanfalaki a Paris a 2024, ta kuma karɓi lambarta sanye da hijabi.

Na ƙarshe, kuma mafi wuya, shi ne rarrabe gajiya da rauni. Ana yawan ba da labarin John Stephen Akhwari na Tanzaniya, wanda ya faɗi ya ji ciwo a gwiwa a Olamfik na Meziko a 1968, amma ya ƙarasa yana ɗingishi, na ƙarshe, fiye da awa ɗaya bayan wanda ya lashe. Ya kamata a haɗa shi da labarin Kipchoge, mai zinariyar Olamfik biyu, wanda ya fice daga tseren Paris a 2024 wajen kilomita ta 30 saboda ciwo. Nauyin ƙafa, kasala da son tsayawa abubuwa ne da ake daurewa. Ciwo mai suka a wuri guda da ke sa ɗingishi, ciwon ƙirji, jiri ko ruɗewa kuwa umarni ne na tsayawa nan take.

Ranar tsere

Kada a gwada sabon abu: takalmi, safa, riga da abinci su zama waɗanda aka saba da su. A ci abin kari mai sauƙi, kamar koko da burodi, awa uku kafin tashi. A shafa basilin a cinya, hammata, kan nono da tsakanin yatsun ƙafa domin kada fata ta goge.

A san saurin da ake nufi tun daga gida. Mai son gamawa a awa biyar zai riƙa cin kowace kilomita a minti 7 da sakan 7. Mai awa huɗu da rabi, minti 6 da sakan 24. Mai awa huɗu, minti 5 da sakan 41. A kilomita biyar na farko jiki a huce yake, ga kiɗa ga ihun jama'a, kowa na wuce ka. A bar su su wuce. A yi wannan zango ƙasa da saurin da aka tsara da sakan 10 zuwa 15 a kowace kilomita. Ranar da Kiptum ya kafa tarihinsa a Shikago, ya yi rabin farko a minti 60 da sakan 48, rabi na biyu a minti 59 da sakan 47.

A fara cin dabino da kurɓar ruwa tun a awa ta farko, kada a jira yunwa. Tafiya ta minti ɗaya a kowane wurin shan ruwa ba abin kunya ba ne, tana ma taimaka wa mai farawa. Wanda ya isa kilomita ta 32 da sauran ƙarfi a jikinsa, daga nan yake da izinin ƙara sauri. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an gama

Kada a zube ƙasa da zarar an tsallaka layi. A ci gaba da takawa na ƴan mintoci, a sha ruwa, a ci abinci. Ciwon cinya na tsananta a rana ta biyu, sauka daga bene ya zama aiki, sannan ya lafa cikin mako guda. Idan fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ƙi zuwa, ko amai ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin yana iya zama alamar ƙoda ta taɓu. A huta da gudu mako ɗaya zuwa biyu, a dawo da tafiya da sassarfa, kuma a bar aƙalla wata huɗu zuwa shida kafin a sake shiga wani fanfalakin.